Tokar da Ban Yayyafa wa Ruwa Ba

Assalamu alaikum Edita da masu karanta wannan fili. Don girman Allah ku kai ƙarshen takardar nan kafin ku yanke mini hukunci, wanda na yanke wa kaina ma ya ishe ni. Sunayen da zan ambata duk na aro ne.

Da 'yar ƙara abin ya fara. Ƙas. Ina kwashe tokar murhu cikin tsohon kwano da hantsi sai na ji ta, irin ƙarar nan ta garwashin da bai mutu ba. Na ji ta sarai, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Duk macen da ta tashi a gaban murhu ta san ba a zubar da toka sai an yayyafa mata ruwa, mahaifiyata har dukana ta taɓa yi a kan haka. To amma kun san zafin bazarar bana. Kwana tara famfon unguwarmu bai ɗiga ba, rijiya ta koma taɓo, abin da ya rage a randa bai wuce na alwala da na tuwo ba. Na dubi randa, na dubi kwano, na ce a raina ai zai mutu da kansa. Na zagaya bayan danga na juye a juji, 'yata Zulai mai shekara shida tana riƙe da gefen zanena.

Gidanmu a bakin unguwar Rido yake, inda gidaje suka ƙare daji ya fara, ciyawa har ƙugu, ta bushe ƙamas. Kafin azahar iska ta taso. Ina tsakar gida na ga hayaƙi, na leƙa, sai ga wuta ta bar jujinmu tana gudu cikin fili kamar ana korarta. Ta cinye harawar mutane, ta cinye rumbun dawar wani maƙwabci, ta kama awakin da aka ɗaure a turke, kukansu har yau yana kunnena. Maza suka fito da rassan dogonyaro suna duka. Da ta doshi hanyar bututun man fetur da ya ratsa dajin sai ga 'yan kwana-kwana da 'yan sanda. Ruwan nan da na yi rowarsa kuwa, shi na kwarara wa dangarmu gaba ɗaya. Wace irin wauta ce wannan, ni da na yi sakandare har aji biyar?

Wuta ba ta gama mutuwa ba aka fara neman mai laifi. Akwai wani dattijo a bayan layinmu, Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yakan je daji ya turara ramin gafiya. Wani ya ce ya gan shi da safe da sanda, shi ke nan. A gabana samari suka shaƙe shi, suka yaga masa riga, ɗan da bai kai jikansa ba ya mare shi. Yana cewa, “Shekara nawa ina binne wutata da ƙasa? Ku je ku duba ramin mana.” Ba wanda ya je. Ni kuwa ina tsaye a ƙofa bakina kamar an ɗinke. Matarsa, Mama Saratu, ita ta yanke wa Zulai cibiya ranar da haihuwa ta zo mini maigidana yana wurin aiki.

Da maigidan ya dawo na faɗa masa komai ina kuka. Kun san abin da ya ce?

“Ki rufe bakinki. Kin san maganar bututun mai ce? So kike a ɗaure ni, a kore ni daga aiki? Tsohon nan ai dama mai kunna wuta ne, in bai yi yau ba ya yi jiya.”

Na ce, “Malam, kai ne fa kake jan mu salla a gidan nan.”

Ya ce, “In kika fita da maganar nan, ki wuce da kayanki.”

Tun ranar raina a ɓace yake. Ina jin haushinsa, mutumin da ke karanta mini ayar shaidar zur amma ya kwana lafiya. Ina jin haushin matan da ke shigowa suna taɓe baki wai dama irinsu ba su da tausayi. Irin su wa? Wadda ta riƙe ni ina naƙuda? Amma wadda na fi jin haushi ita ce wadda ta ji ƙas, ta yi kamar ba ta ji ba. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ji ƙaurin toka a tafina.

Yanzu mai unguwa ya ba Baba Yohanna zuwa ƙarshen wata ya tashi, ga maganar tana hannun 'yan sanda. Jiya Mama Saratu ta dawo mini da tukunyar da ta ara, ta wanke ta fes. Ta ce, “Maman Zulai, in mun taɓa ɓata miki ki yafe mu, zama ya ƙare.” Na karɓa, ko idonta ban iya kallo ba.

In na yi magana aurena ya mutu, wataƙila a kama ni ko mijina. In na yi shiru an kori tsoho daga gidan da ya gina da hannunsa a kan laifina. Jama'a, me zan yi?

Ba abin da ya sa na ɗauki biro sai abin da ya biyo bayan fitar Mama Saratu. Zulai ta matso ta ja gefen zanena, daidai inda ta riƙe a ranar, ta yi ƙasa da murya ta ce, “Umma, in an tambaye ni, in ce ban gani ba, ko?”