Mangwaron da Ake Ci ta Ciki

Litinin, 5 ga Mayu

Abin nan ya sake fitowa a gindin mangwaro. Faffaɗa, ruwan ƙasa, bakinsa fari-fari, ya manne wa itacen kamar kunne. Na sa tsohuwar wuƙar kicin na kankare shi tas, na zuba toka. Karo na nawa ke nan, oho. Auta tana leƙe ta taga da jaririnta a kafaɗa, wai, "Umma, ki bari Kawu ya gani mana." Na ce mata mangwaron ubanki ne, ba darasin makaranta ba. Da hannunsa ya dasa shi shekarar da muka tare a gidan nan, ko shekara bai cika da rasuwa ba za a fara yi mini taro a kai.

Alhamis, 8 ga Mayu

Abin ya dawo. Har da ƙannensa.

Asabar, 10 ga Mayu

Auta ce ta kira shi a ɓoye, na sani. Ƙanina Ticha, wanda ya yi ritaya daga koyarwa amma bakinsa bai yi ba. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya tsuguna a gindin itacen, ya ɓallo guda ya juya bayansa, sai ga huji-huji ƙanana ba iyaka. Ya karkaɗa a tafin hannu, wata ƙura ja-ja ta zubo. Ya ce, "Yaya, wannan ƙurar ita ce irinsa, iska ke yawo da ita."

Wai abin ba tsiro ba ne, ba kuma dabba ba. Ba shi da ganye, ba ruwansa da rana, bai iya haɗa abincinsa yadda tsiro ke yi ba, sai dai ya ci na wani. Danginsu ɗaya da laimar kwaɗi, da fumfunar da ke fitowa a burodi, da yis mai sa ƙulli ya kumbura, har da makeron kan yara. Na ce to madalla da wannan zuri'a.

Bai yi dariya ba. Ya ce abin da nake kankarewa 'ya'yansa ne kawai. Ainihin jikinsa zare-zare ne farare, sun fi gashi siranta, suna can cikin itacen, suna zuba wani ruwa da ke narkar da shi sannan su tsotse. "Kamar ki tsinke 'ya'yan mangwaro ne ki ce kin kashe bishiya."

Ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa gindin. Ƙarar kamar ta randa ba ruwa. Ya ɗaga kai ya dubi babban reshen da ya ratsa saman ɗakin Auta, ya daɗe, sannan ya ce damina ta kawo kai.

Na ce ya sha shayinsa kafin ya huce. Yaron da na goya a bayana, yau shi ne zai yanke wa itacen mijina hukunci. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ganye shar da shi. Itacen da ke mutuwa haka yake?

Juma'a, 16 ga Mayu

Ticha ya bugo waya. Ya ce ruwa ta kusa da ɓawo yake hawa, shi ya sa ganye ba ya nuna komai ko da ciki ya ruɓe. Ya ce in daina zuba ruwa a gindin, abin danshi yake so. Ni kuwa tun rasuwar Baban yara safe da yamma sai na zuba, har ƙasa na tara masa. Ashe wani nake yi wa hidima.

Na ce ta ina ya shiga? Ya ce galibi ta rauni, sara ko karaya.

Sai da na ajiye wayar na tuna. Lokacin da ake haƙa harsashin ɗakin Auta wata ƙatuwar saiwa ta tare hanya, Baban yara ya sa gatari ya datse ta da kansa, yana haki yana cewa zai warke, itace ne. Tun tana makarantar sakandare ke nan. Duk zaman da muka yi a inuwar nan ana cin sa muna hira.

Shi ma Baban yara haka likita ya ce, ciwon ya daɗe a ciki. Ba na son wannan tunanin.

Talata, 20 ga Mayu

Iska ta taso da la'asar. Wani reshe, ba babban ba, ya faɗo a kan kwanon ɗakin Auta, jaririn ya tsandara kuka. Na fito da gudu. Da na ɗaga reshen ba nauyi ko kaɗan, cikinsa fari, tuɓus, yana marmashewa a hannu kamar jiƙaƙƙen burodi. Ga zaren nan kuwa, kamar auduga. Na kai shi bayan kicin na rufe da buhu, ashe Auta tana kallona.

Ta jawo katifarta zuwa falo. Ta ce, "Umma, Baba fa ba ya cikin itacen nan."

Na tashi na bar falon. Na yi kuka a banɗaki, na saki famfo don kada ta ji.

Laraba, 28 ga Mayu

Ban kankare ba kwanan nan. Na gaji. Auta har yanzu a falo, duk hadarin da ya haɗu sai ta rungume yaron ta zuba mini ido.

Asabar, 31 ga Mayu

Na karɓi lambar mai injin yankan itace a wurin Ticha. Ya zo ya duba kawai na ce, jibi da safe. Dubawa ai ba laifi ba ne.

Na tsinke sauran mangwaron da sandata ta kai, har ɗanyun. Na kwance igiyar shanya. Ina fama da kujerar Baban yara ni kaɗai sai ga Auta ta kama ɗaya gefen, muka shigar da ita ɗakina.

Ban ce a sare ba. Na dai leƙa wurin maƙwabci na ce masa ranar Litinin ya matsar da motarsa, ya matsar da ita nesa sosai.