Turaku huɗu a bakin kogi

Litinin, 5 ga Mayu 2025
Seyni magini ya kafa turakun siminti huɗu a filin da kogi ya janye ya bari. Nan tankunan gazuwal ɗina, man dizal, za su zauna. Takardar filin na hannuna. Ni da na fara da bidon ɗaya, jarkar mai, a kan keke.

Laraba, 7 ga Mayu
Nuriya ta kira daga jami'a a Yamai. Ɗiyar tawa, wai aiki aka ba su kan tekun da ke can ƙarshen duniya ta arewa. Ƙanƙara na narkewa, manyan ƙasashe na rige-rigen cewa ƙasan tekun nasu ne, don man da ke ƙarƙashi. Har Rasha ta taɓa sauka da jirgin ƙarƙashin ruwa ta kafa tuta. Na yi dariya, na ce waɗannan sun san kasuwa.
Ta ce, "Baba, akwai masu kamun kifi a can tun kaka da kakanni. Su ba su da tuta."
Na ce to su nemi takarda mana.
Sai ta ce: "Kawu Jibo ma ya nema?"
Uwarta ce ta gaya mata maganar filin, na sani. Na kashe waya.

Alhamis, 8 ga Mayu
Ban ci haƙƙin kowa ba.

Asabar, 10 ga Mayu
Na je filin. Jibo na nan, ya shanya tarunsa a kan turakuna. Shekara talatin nan yake ɗaure kwalekwale in ruwa ya ja baya. Shi ya riƙa haye da ni Malanbil, tsallaken kogi, lokacin da ba ni da ko takalmi. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai cewa ya yi, "Alhaji ƙarami, turakunka sun yi kyau, taru na bushewa da wuri. Yaushe zan kwashe?"
Na ce ba gaggawa. Ƙarya, Litinin za a zuba harsashi.

Juma'a, 16 ga Mayu
Na ɗaga aikin da mako guda. A masallaci na canja sahu don kar mu haɗa kafaɗa da Jibo. Ni!

Litinin, 19 ga Mayu
Na sa Seyni ya tuge turaku biyu na wajen ruwa, ya dawo da su sama. Rabin fili ya tafi. Ya ce, "Alhaji, lafiya?" Na ce ƙasar wurin laushi gare ta, tanki zai nutse. Ya taka ta da ƙafa, ya dube ni.
Laushi gare ta. Haka zan gaya wa kowa.