Jar Mota Mai Kujera Biyu

Zuwa ga maigidana, Baban Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, aikin da ya kai ka yana tafiya daidai. Yara duka huɗun suna gaishe ka. Auta ta warware, tarin ne kawai ya rage.

Ka rubuto kana tambayar ko ana goge wa jar motarka ƙura. Layi biyar ka yi mata, Auta layi ɗaya. Na gode.

Har yau ina kewar farar motarmu da ka bayar ka karɓo wannan tsohuwar. Kujera bakwai, sanyi kamar cikin randa, in ina ja da baya har ƙara take yi mini kada in bugi gini. Ka ce ba ta da rai, akwatin yara ce. Taka mai ran, ga ruri ga gudu, kujera biyu kacal, rufinta na yoyo. Saboda yoyon nan ka hana a fito da ita ranar da jikin Auta ya yi zafi, wai ruwa zai ɓata fatar kujera. Na goya yarinya 'yar shekara bakwai har bakin titi cikin ruwan sama. Ban manta ba, kuma ban yafe ba.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Maman Auta

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ciwon bayan? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga makullin jar motar a cikin takalminka na fita. Ashe kirarin da kake yi mata ba ƙarya ba ne. Sai an lallashe ta kafin ta tashi, sitiyarin kuma kamar murza dutsen niƙa, amma in ta hau titi har mayafina sai na riƙe. Kullum ina kai yara makaranta da ita, ɗaya bayan ɗaya, suna cin biskit a kan fatar nan taka. Shekaranjiya na ɗauko ɗanyen kifi a bayanta. Jiya an yi ruwa, muka fita ni da Auta, tana tara hannu a ƙarƙashin yoyon tana dariya. Raina fes.

Taka,
Maman Auta

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka. Wasiƙarka ta iso, na karanta faɗan har ƙarshe, na kuma ga ka ce in zo tasha ranar Asabar in ɗauke ka da kayanka.

Zan zo, da jar motarka, a wanke tsaf. Auta ta yi kewarka, ita ma za ta zo, kuma ita ce a kujerar gefe. Za mu yi maka sannu da zuwa, mu karɓi ƙaramar jakarka. Masu tasi suna tsayawa a bakin titi, tafiyar ba ta kai wadda na yi da goyo ba. An ce za a yi ruwa, ka riƙo lema.

Kai ka zaɓi mai kujera biyu.

Matarka,
Maman Auta