Na ce ban yafe mata ba in ta sake kwantar da jikana a cikin ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai tsofaffin ɗalibaina a grup ɗin nan. Shawararku nake roƙo, wallahi kwana huɗu ke nan ba na iya cin abinci.

Ni malamar firamare ce mai ritaya, ina zaune a Mabera, nan Sakkwato. 'Yata tana aure a ƙasar Finland, can ƙuryar arewacin Turai. Mijinta injiniya ne a wani kamfani da ke mayar da itace takarda, don ƙasar daji ce da tafkuna, itace shi ne geronsu da shinkafarsu. Ta ce mutanen ba su da yawa kuma ba su da surutu, maƙwabciya sai ta shekara ba ta ce miki ci kanki ba. Lokacin ɗari kuwa rana leƙowa kawai take yi ta koma, azahar da la'asar da magariba kusan a jere ake sallatarsu.

Wata uku ke nan da ta haihu, namiji. Biza ba ta fito mini ba, wankan jego ma ta waya na koya mata, ta ce kada in damu, gidajen can akwai ɗakin gumi da ake zafafawa, shi take shiga. Na haƙura, na aika mata kanwa da yaji.

Wata rana muna bidiyo kol na ce ta nuna mini mai gidan nawa. Sai ta juya waya wajen ƙofar gilashi, ga keken jarirai a baranda, a waje, ƙanƙara ta taru a kan ƙarfen barandar, ta ce yana ciki yana barci. Na ɗauka wasa take yi. Ta shiga yi mini bayani wai nas ce ta ce a yi haka, an naɗe shi da kayan ulu da fatar tunkiya, akwai 'yar na'ura a keken da ke jiyo mata numfashinsa, wai duk unguwar haka ake yi kuma yaran sun fi ƙoshin lafiya. Ni ban ji rabin abin da take faɗa ba. Mu da muke sa wa jariri hula da safa a Sakkwato, garin da rana ke narka kwalta, yau jinina ne aka ajiye kamar nama a firiza. Ban san lokacin da na ce mata, "In kinka sake hitar da yaron ga waje, ban yahe miki nonon da kinka sha ba." Ta ce, "To, Inna."

Abin da ba ta sani ba, ba ita ce ta fari ba. Kafin ita na haifi namiji. Lokacin ɗari ne, na yi masa wanka na bar shi a tsakar gida na je shanya, da yamma haƙarƙarinsa ya fara ɗagawa. Kwana uku ya rasu a hannun mahaifiyata, don kunyar ɗan fari ba ta bar ni na rungume shi gaban mutane ba. Har yau ban taɓa faɗin sunansa a gaban 'ya'yana ba.

Kwana huɗu da suka wuce na kira ta, ta ce yana ɗaki yana barci. Amma a bayanta na hango gadonsa babu kowa, an ja labulen baranda, kuma ga abokiyar 'yar na'urar keken nan a kan tebur tana fitar da sautin numfashin jariri. Ita ma ta san na gani. Daga baya surukina ya kira cikin ladabi, ya ce sun gwada bin maganata mako guda, yaron ya ƙi barci a cikin ɗumin ɗaki, uwar ma ta rame, likita kuma ya ce lafiyarsa lau. Ya ce kullum sai ta yi kuka kafin ta tura keken waje, ya roƙe ni in janye.

Jama'a tsoro biyu ne ya sa ni a tsakiya. In na janye, da bakina na ba da izini ke nan, in wani abu ya same shi na biyu ke nan a kaina. In na ƙi, 'yata tana yawo a kan titin ƙanƙara da bakin uwa a wuyanta, kuma ni na haife ta, na san baki yana kamu.

Ku da kuke zaune a ƙasashen nan, don girman Allah da gaske jarirai suna rayuwa haka? Malamai, in janye ko da zuciyata ba ta yarda ba? Kuma in gaya mata labarin yayanta, ko in ƙara mata tsoro ne kawai a ƙasar da ba ta da kowa? Yanzu lokacin barcin nasa ya yi, na san inda yake kwance, ga waya a hannuna kuma ban san me zan ce ba in ta ɗauka.