Ranar da Ba a Taɓa Fiyano

Bombay

Zuwa ga Pati, kakata,

Na durƙusa na taɓa ƙafafunki. Ya ciwon gwiwa? Na san Appa, babana, ne zai karanta miki wannan, shi ma ina gaishe shi, ko da yana fushi da ni.

Pati, an ba ni babban zaure a garin nan in kaɗa fiyano ni kaɗai, karo na farko. Sai dai abin ya faɗo daidai ranar Saraswati, allahiyar ilimi da kiɗa, ranar da ake ajiye littattafai da kayan kiɗa a gabanta, ba a taɓawa sai washegari. Na roƙa a ɗaga, sun ce babu wata rana a bana, akwai masu jira a bayana. Appa ya ce mini a waya idan na taɓa fiyano ranar, babu albarkarsa. Ni kuwa ba zan hau dandamali ba sai da ita. Idan bai sauko ba, zan ce musu na fasa.

Jikarki mai biyayya,
Maitili

Tiruchi

Maitili, ja'ira mai dogayen yatsu,

Na amsa gaisuwa, albarka ta bi ki. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Ubanki ne yake rubuta wannan, ya haɗe rai kamar wanda ya tauna ɗanyar tsamiya. Na ce duk abin da na faɗa ya sa, don zan kai wa Malama Rozariyo, malamarki ta fiyano, ta sake karanta mini. Sundar, har wannan ɗin rubuta.

Ba abin da za ki fasa. Kina da shekara nawa aka shigo da wannan baƙin akwati, fiyano, gidan nan? Ko kujerar ba kya iya hawa, sai na aza miki matashi biyu. Maƙwabta suna ta cewa, 'yar gidan Alamelu ta bar waƙoƙinmu ta kama kiɗan coci. Na ce a'a, kunnena a nan yake, yarinya ta iya. Kullum ni nake riƙe hannunki zuwa unguwar ma'aikatan jirgi wajen Malama Rozariyo, in zauna a baranda ina gyangyaɗi, ke kina maimaita abu ɗaya har karen gidan ya tashi ya bar mana wurin. Ban yi wannan zaman don ki je Bombay ki naɗe hannu ba.

Yanzu ubanki ya ajiye alƙalami yana cewa, "Mama, al'ada al'ada ce." Ni zai koya wa? A shekarar farko shi ne ya cika cokali da ruwan tsarki ya yayyafa wa fiyanon kamar yana ba shuka ruwa. Biyu daga haƙoran fiyanon suka kumbura suka ƙi tashi, kika yi ta kuka, Malama Rozariyo ta wanke ubanki tas a gaban mai kawo madara. Ya ce ba zai rubuta ba. Rubuta, Sundar.

Ga abin da ya manta. Kakanki jirgin ƙasa ya ja har ya mutu. Duk ranar Saraswati yakan jera gudumarsa da fitilarsa a gabanta, in ɗiga musu niƙaƙƙen icen ƙamshi na sandal da jan hoda, su huta. Sannan ya sha kofi ya tafi tasha. A can ma an rataya wa kan jirgin furanni, an ɗaura masa ganyen ayaba, an ɗiga masa sandal a goshi, sai ya ja shi zuwa Madurai, don mutane suna jira. Ubanki da gajeren wando yake bin sa yana roƙon a bar shi ya ja igiyar ƙaho. Wa ya taɓa cewa kakanki ya yi laifi?

To haka za a yi. Fiyanonki na gida zan rufe shi, in sa masa furanni, ya huta a madadinki. Na Bombay a ɗiga masa sandal, ki gaishe shi, ki ja jirginki.

Ki riƙa cin shinkafa da kindirmo, a hoton da kika aiko duk wuya ne.

Kakarki,
Alamelu

Bombay

Pati,

Na taɓa ƙafafunki. Na yi dariya har na yi hawaye, ban ce musu na fasa ba, kuma ina kan shiri sosai. Sai dai na duba ƙasan takardar, na juya bayanta, Appa bai ƙara ko kalma tasa ba. Na kira shagonsa, aka ce ya fita. Taki albarkar na karɓa. Tasa fa?

Taki,
Maitili

Tiruchi

Maitili,

Albarka ta bi ki. Kar rubutun ya ba ki mamaki, Malama Rozariyo ce ta riƙe alƙalami, tana gaishe ki, ta ce ki sassauta kafaɗa. Marubucina ba ya nan. Bayan ya karanta mini takardarki, ɗazu na gan shi yana niƙa sandal a kan dutse yana zubawa a ƙaramin gwangwani. Na ce ina zuwa? Ya ce, "Wa zai ɗiga wa na can? Waɗancan mutanen ba su iya ba." Ya bi jirgin Bombay.

Ki bar shi ya ɗiga. Idan kika ga ya fito da cokali, ki riƙe masa hannu.

Kakarki,
Alamelu