Allon Injin Wanki Ya Mutu, An Ɗora wa Hikima

Malama Sherifa, don Allah ki taimake ni kafin ranar Lahadi. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana ba ta zagaye unguwarmu ta Akwatialine kafin la'asar ba. Na sauya sunaye, ko da yake duk wanda ke gidanmu zai gane.

Muna haya a gida mai ɗaki goma sha ɗaya da famfo ɗaya. Shekara biyu ke nan da uwar mijina, wadda kowa ke kira Mma, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ba ta tashi, ba ta riƙe fitsari, wani lokaci har da bayan gida. Zanen gado uku a rana, ban da zannuwanta da tawul. Shekara guda na yi ina wankin nan da hannu kafin in tafi kasuwa inda nake sayar da mayafai, har fatar yatsuna ta tsattsage, sabulu yana shiga kamar barkono. Da ƙanen mijina Irfan ya zo hutu daga Italiya ya ga hannuna, sai ya koma ya aiko mana da injin wanki a kwantena. Ba sabo ba ne, amma lafiyarsa lau. Duk rubutun jikinsa Italiyanci ne, saboda haka haddace shi muka yi: a murɗa zuwa na huɗu, a danna maɓallin dama, jajayen lambobi su fito a ɗan allon da ke gabansa su nuna mintin da ya rage. A baranda muka ajiye shi, bakin ƙofar ɗakinmu.

Wata biyu da suka wuce allon nan ya fara wasa da hankalina. Lambobin su riƙa rawa, takwas ta koma uku, sai ya yi tsuwa sau uku ya ɗauke. Yakan yi haka a tsakiyar wanki, ƙofarsa a kulle, zanen Mma a ciki cikin kumfa, ni kuma ina tsaye da jakata zan fita. Abin haushin, idan rana ta buɗe zafi ya bugi baranda, sai ya farfaɗo ya yi aiki kamar ba shi ba. Yau kwana tara ke nan ko ƙyaftawa ba ya yi, sai ɗigo ɗaya ja a kusurwa yana kallona. Na koma baho, yatsun sun sake buɗewa.

Mijina Jibirin fita ne, wato makanike, a Magazin, unguwar masu gyaran mota, shekara ashirin yana kwance injin motocin haya na trotro yana ɗaurawa. A wurinsa inji inji ne. Da farko ya ce dumso ne, wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi, ya sayo sitabilaiza. Bai yi ba. Ya ce soket ne, ya canza. Bai yi ba. Sau huɗu yana buɗe murfin saman, kuma duk buɗewa sai an samu ragowar noti, yanzu guda biyar ne a kofin shayi a kan taga. Ya ƙwanƙwasa allon da gindin sukurdireba, ya liƙe wata waya da salatif. Ranar Asabar ya zo da fetur a kwalba wai zai wanke cikin allon yadda yake wanke kafireto, na ɓoye kwalbar a buhun gawayi na ce ban gani ba. Idan na ambaci wani mai gyara da aka kwatanta mini a unguwar Sofoline, sai ya ce shi da ya tayar da matattun motoci ba zai kai aiki wurin yaron da sifanar shi Jibirin ta girme shi ba.

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ya fi ƙarfina maganar maƙwabciyata Hikima ce. Ɗakinta yana kallon namu. Ita ce ke zama da Mma idan ina kasuwa, ta juya ta, ta ba ta koko, ta yi mata hira har ta yi dariya da rabin bakinta. Ba ta taɓa neman komai ba. Ni da kaina na ce ta riƙa sa kayanta a injin duk Alhamis. To, sati uku da suka wuce, bayan Jibirin ya gama da wuta ya gama da soket, sai ya fito wata Alhamis ya tarar da ita tana danna maɓalli allon yana rawa. Nan take ya ɗaga murya a tsakar gida, mata na layin famfo, ya ce ashe ga mai kashe masa inji, tana dannawa da faratanta kamar mai dakan fufu, wai mutumin da bai taɓa mallakar ko dutsen guga ba ina zai san darajar kayan Turai. Hikima ta jira ƙofar injin ta buɗe, ta kwashe kayanta jiƙaƙƙu a bokiti ta wuce. Ni kuma ina tsaye ban ce komai ba, har wani sanyi na ji cewa an gano dalili.

Tun ranar sai gaisuwa. Ba ta shiga wurin Mma, amma na ga tana leƙa ta daga bakin ƙofa idan tana zaton na fita. Mma kullum sai ta kira sunanta. Mijin Hikima ya kai ƙara wurin mai gidan hayarmu, shi kuma ya ce zai zaunar da mu ranar Lahadi bayan la'asar. Jibirin yana so in tashi a gaban mutane in ce duk lokacin da ta taɓa injin sai ya lalace.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. A gidan malamai na tashi. Mahaifiyata ta koya mana cewa bahon da aka wanke najasa a ciki, sai an ɗauraye shi ciki da waje sau uku kafin tufafin salla su shiga. Ni kuma injin nan baho na ɗauke shi. Kullum da safe, bayan ya gama da zannuwan Mma, kafin in sa jallabiyar Jibirin da hijabina a cikinsa, nakan ɗebi ruwa a roba sau uku in kwara masa tun daga sama har ya gangaro ta fuskarsa. Shekara guda cur. Ba ɓoyewa nake yi ba, lokacin Jibirin ya riga ya fita ne. A ranar da ya mutu gaba ɗaya, ina goge shi sai na ga ruwa yana tsatsowa ta ƙasan allon, kuma gilashin ya yi gumi daga ciki. Sannan na tuna cewa bayan Hikima ta daina taɓa shi, ƙara lalacewa ya yi.

Malama, haushin kowa nake ji. Haushin injin, haushin Jibirin da fetur ɗinsa, haushin Irfan da ya aiko abu ba takardar bayani, haushin kaina ya fi duka. Ni ce na kashe shi? Zai gyaru? Kuma da wane baki zan gaya wa Jibirin bayan rashin mutuncin da ya yi wa baiwar Allah?

Mai Tsagaggun Yatsu, Akwatialine

*

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, je ki zare wayar injin daga soket. Shekara guda kina tsaye a jiƙaƙƙen siminti kina kwara ruwa a kan abin da ke jone da wuta. Da na karanta wurin sai da na ajiye takardar na yi hamdala.

Ban ga injin ba, don haka ba zan rantse ba. Amma alamun da kika lissafa gaba ɗaya wuri guda suke nunawa: yana farfaɗowa idan zafi ya busar da shi, gilashinsa yana gumi daga ciki, kuma ya ƙara muni bayan wadda ake zargi ta janye hannunta. A bayan allon akwai wani siririn faranti mai ƙananan hanyoyin wuta. An yi shi ya jure fantsamar ruwa, ba roba uku kullum ba. Farce yana iya karce maɓalli, ba ya sa lambobi rawa. Zaton Jibirin na farko ba shirme ba ne, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi tana ƙona irin waɗannan faranti, saboda haka sitabilaizar ta zauna. Sai dai ba ita ce maganin ruwa ba.

Ga yadda za a bi. Bayan an zare wayar a bar shi kamar rabin sa'a, saboda akwai abin da ke riƙe wuta a ciki ko an kashe. Sannan a cire murfin sama, a shigar da injin ɗaki ko inda iska ke ratsawa ba ruwan sama, a bar shi kwana uku ya bushe da kansa. Kada a kusantar da murhun gawayi, kada a hura masa zafi. Idan ya bushe a haska bayan allon da tocila. A duba wata faffaɗar waya mai kama da ɗamara wadda ta haɗa allon da babban farantin injin, ko ta saki, ko bakinta ya yi kore ko fari kamar gishiri. A duba kashin kyankyasai ma, suna son ɗumin wurin. Idan an ga tsatsa, sifirit na goge kayan lantarki da buroshi mai laushi ake sa wa, a hankali. Fetur yana cin roba yana kuma kama wuta. Kwalbar ta ci gaba da zama inda kika sa ta, ko da yake buhun gawayi ma ba wurinta ba ne. Salatif ɗin nan a cire, notin biyar su koma gurabensu.

Idan an yi haka an jona bai tashi ba, farantin ya ƙone. Wannan ba mutuwar inji ba ce, allon kaɗai ake canzawa. Ki ɗauki hoton takardar da ke liƙe a bayansa ko a bakin ƙofarsa, mai ɗauke da lambar samfurinsa, ku kai wa mai gyara tare da tsohon farantin don a nemo irinsa daidai. Ki gaya wa mai gyaran maganar ruwa tun farko, zai rage masa lalube. Shi kuwa Jibirin, ki roƙe shi ya zama shi zai kwance ya kuma tafi da farantin Sofoline. Ya san darajar kayan gyara fiye da ke, kuma zai fi sauƙin yarda idan da hannunsa a ciki.

Maganar tsarki, niyyarki mai kyau ce, kuma tarbiyyar mahaifiyarki daidai take a kan baho. Ni ba malamar fiƙihu ba ce, ki tambayi malamin da kika amince da shi. Abin da na sani shi ne inda najasa ta taɓa ake wankewa, kuma zannuwan Mma cikin injin suke shiga, ba saman allonsa ba. Ki fara kawar da ƙazantar a bokiti kafin ki sa su. Idan hankalinki bai kwanta ba, ki kunna injin ya ɗauraye cikinsa ba kaya. Wajensa kuma tsumma matsattse ya isa.

Yanzu ga abin da ya fi injin muhimmanci. Ko da a ƙarshe mai gyara ya ce wuta ce ba ruwa ba, ba ki da shaidar da za ki bayar a kan Hikima, don haka kada ki tashi ranar Lahadi ki faɗi abin da ba ki gani ba. Kuskurenki na ruwa na rashin sani ne. Shirun da kika yi kwana tara da sani kika yi shi, kuma shi ne ke bukatar gyara da gaggawa.

Ki fara da Jibirin, a ɗaki, ku biyu, yau. Kada ya fara jin labarin a gaban mai gida da maƙwabta. Ki gaya masa kai tsaye yadda kika gaya mini. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi. Ki tuna shi ma mutum ne da uwarsa ke kwance, ya ga hannun matarsa yana tsagewa, ya kasa gyara abin da yake ganin sana'arsa ce. Wannan ya bayyana zafinsa, amma bai wanke masa abin da ya faɗa ba. A tsakar gida ya ci mutuncinta, a gaban matan famfo, to a nan ya kamata ya janye, har da maganar dutsen guga.

Ke kuma kada ki jira shi ya sauko. Gobe da safe ki ƙwanƙwasa ƙofar Hikima ki ce ke ce, kuma kin yi shiru lokacin da ya kamata ki yi magana. Kada ki haɗa da roƙon ta dawo ta zauna da Mma, don kada ta ɗauka bukatarki ce ta kawo ki. Wataƙila ta yafe nan take, wataƙila ta ɗauki lokaci, hakkinta ne. Amma macen da aka zaga a gaban mutane kuma take ci gaba da leƙa tsohuwarku daga bakin ƙofa, ina zaton ba ta yi nisa ba. Idan kun yi haka, zaman Lahadi zai zama na minti biyar da addu'a.

Ki shafa man kaɗe a yatsun, ki sayi safar hannu ta roba kafin injin ya tashi. Ranar da jajayen lambobin suka dawo, wankin farko ya zama na Hikima, ko da ba Alhamis ba ce.

Allah ya ba Mma sauƙi, ya sanyaya zuciyar Jibirin, ya mayar muku da maƙwabciyarku.

Malama Sherifa