Inna, Na Kai wa Tsamiya Zakara

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ta riga mu shiga hutu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, a cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ba zan tambayi lafiyarki ba, don inda kike ba a ciwo. Mu dai a nan gida babu lafiya.

Jikarki, wadda muke kira Mama don kada bakina ya kama sunanki, tun farkon damina take faɗuwa. Tana cikin shara sai jiki ya sandare, ido ya juye. Mun kai ta asibiti a Gaya, an ba da magani, abin ya lafa, ya sake dawowa.

Kin san ɗanki. Ni ne malamin makarantar nan mai tabarau, dattijon ikkilisiya, wanda ya sha gaya wa mutane cewa babu kowa a tsamiyar bayan gari sai jemagu. Har dariya ake yi in na faɗa a majami'a. To, Inna, makon jiya na kai wa jemagun jan zakara.

Baffa Tanko, ƙanen Baba, shi kaɗai ya rage a danginmu mai yi wa iskoki yanka. Ya zo duba yarinyar, ya ce ba ciwon asibiti ba ne, masu tsamiya ne suka tuna da gidanmu. Na yi masa bayanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, har da Turanci. Washegari da rana tsaka, kowa yana gona, na bi shi da zakara a buhu. Ni na riƙe ƙafafun.

Ina tuna yadda kike wucewa ta gindin tsamiyar nan da tulu a ka. Kowa yana tuɓe takalmi, ke ba kya tuɓewa, ni kuwa ina maƙale da bakin zanenki. Kikan ce, "Itacen nan ba ya ƙoshi. Kakanka ya ba shi kaji har ya mutu, bai taɓa cewa an gode ba."

Gaskiyarki. Shekaranjiya Mama ta sake faɗuwa, kusa da murhu, ta ƙone a hannu. Baffa ya ce zakara gaisuwa ce kawai, yanzu baƙar akuya suke so, kafin a sa wa gero wuƙa. Ya ce wanda ya fara yanka, in ya tsaya, ba akuya za su ɗauka ba. Da ya faɗi haka, ɗakin yarinyar ya kalla.

Na sayo akuyar a kasuwar Ajingi. Ta wuni a turke, ta ƙi harawa, ni kawai take kallo. Gero kuma ya nuna, tsuntsaye sun fara sauka.

Lahadi mai zuwa Jibin Ubangiji ne a majami'a, kuma ni ke zagayawa da ƙoƙo mai tsarki. Da wannan hannun, Inna.

Yau da safe na durƙusa a bayan rumbu, inda kike durƙusawa. Ni da nake tsara addu'a kamar jawabin yaye ɗalibai, na kasa haɗa jimla ɗaya. "Ubangiji, ga ni," shi kenan abin da ya fito, sai hawaye.

Na je na gaya wa Fasto. Ran Lahadi zan zauna a bencin baya, na waɗanda ke ƙarƙashin horo, inda na sha tura wasu da bakina. Akuyar kuwa na kwance ta, na kai wa Fulanin da ke yi mana kiwo, ta je ta haihu.

Tsoron bai tafi ba, Innata. Gobe za mu hau motar Kano zuwa babban asibiti, kuma hanyar tasha ta gindin tsamiyar take bi. Baffa yana can tun hantsi, yana wasa wuƙa. Zan wuce riƙe da hannun Mama, wanda bai ƙone ba. Ba zan tuɓe takalmi ba.

Ubangijin da ya riƙe ki a wannan hanya, ya yafe mini, ya riƙe yarinyar nan. In na tsaya a gindin itacen, shi ya tsallakar da mu. Amin.

Ɗanki mai tabarau,
wanda har yau yake neman bakin zanenki.